Allo Na Ƙifce-Ƙifce, Kwamfuta Na Nawa: A San Ciwo Kafin A Sayi Magani

An shirya wannan ɗan littafi ne domin amfanin jama'ar da suka mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof, musamman iyaye da malaman makaranta da masu shagunan buga takardu. Akwai wani kuka da ya yawaita a bakin masu irin wannan na'ura, watau da zarar yaro ya buɗe wasa a intanet sai allon ya shiga ƙifce-ƙifce kamar fitilar da kananzirinta ya kusa ƙarewa, ko kuwa hoton ya riƙa tsaitsayawa yana ja da ƙyar, a danna maɓalli yanzu, abin ya amsa an jima. Da yawa in sun ga haka sai su naɗe na'urar su nufi wurin mai gyara, a ce musu allo ya mutu, su biya kuɗi mai tsoka a sa sabo, su komo gida su tarad da ciwon yana nan inda suka bar shi.

Wani zai ce ai wasa ne, don me za a ɓata tawada a kansa? Dalili kuwa shi ne, a yawancin gidajenmu laftof ɗaya ce tilo. Da ita ɗalibi ke gwada hannunsa kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ba a yin ta sai a kwamfuta. Da ita uwargida ke lissafin cinikinta, da ita maigida ke rubuta takardun ofis. Wasa kuwa shi ne kaya mafi nauyi da ake ɗora wa wannan na'ura, saboda haka shi ke fara tona asirin rauninta, kamar yadda hawan tudu ke tona asirin tsohuwar mota. Abin da ya bayyana yau wajen wasa, in aka ƙyale shi, gobe wajen aiki zai bayyana.

Za mu riƙa buga misali da Mararaban Rido, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Chikun a Jihar Kaduna, dab da matatar man da aka buɗe a 1980, a kan hanyar da ta bi ta Kujama da Kachia ta nufi Zonkwa da Kafanchan. Mun zaɓe ta ne don halinta shi ne halin ɗaruruwan garuruwanmu na bakin birni: mutane sun yi yawa, gine-gine sun riga wayoyin lantarki isa wurare, manyan motoci na tayar da ƙura, yawancin laftof ɗin da ke hannun jama'a kuma na hannu ne, waɗanda suka riga suka yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka. Abin da ya shafi mutumin Rido ya shafi na Gusau da na Azare.

A fara ɗauke yaro daga gaban allon

Kafin a shiga batun na'ura, wajibi ne a yi batun lafiya. Haske mai walƙiya da sauri yana gajiyar da ido, yana kawo ciwon kai, ga wasu mutane kaɗan kuwa yana iya tayar da farfaɗiya. A ranar 16 ga Disamba 1997 aka nuna wani shirin zane na yara mai suna Pokémon a telebijin ɗin ƙasar Japan, wanda a cikinsa ja da shuɗi suka riƙa walƙiya na 'yan daƙiƙoƙi, sai da aka kwashi mutum 685 zuwa asibiti, yawancinsu yara. Saboda haka in allo ya fara ƙifce-ƙifce, a rufe wasan, kada a bar yaro ya ci gaba da zura masa ido a ɗaki mai duhu. In ƙaddara ta sa wani ya faɗi, a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓa jiki, don haka kada a gudu a bar shi. A kai shi asibiti, da gaggawa kuwa in abin ya wuce minti 5.

Yadda hoto ke motsi

Dattawa za su tuna majigin da motocin Ma'aikatar Watsa Labarai ke kaiwa gari gari. Abin da ake gani yana motsi a jikin farin ƙyallen nan, hotuna ne tsayayyu, guda 24 ke wucewa cikin kowace daƙiƙa, ido ya haɗa su ya ga kamar tafiya. Laftof ma haka take, sai dai yawancinsu sau 60 suke sabunta hoton allo a daƙiƙa. Bambancin shi ne, hotunan majigi an riga an ɗauke su, na wasa kuwa a nan take na'urar ke zana kowane ɗaya, gwargwadon abin da mai wasa ya danna.

Ma'aikata biyu ke wannan aiki a cikinta. Akwai furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke lissafi, akwai kuma sashen zane, wanda masu gyara ke ce wa girafik. Tsakanin Windows da sashen zanen akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba, aikinta aikin tafinta ne. Shi kuma wasan intanet, a cikin burauza yake zaune, watau manhajar da ake buɗe shafuffuka da ita, irin su Chrome da Firefox da Edge. In hoto ya gama zanuwa, sai ya bi wata siririyar waya da ta ratsa ta inda murfi ke lanƙwasa ya isa allo, fitilar da ke bayan allon ta haska shi.

To, a nan za a gane cewa ciwo biyu ne, ko da yake sau da yawa tare suke zuwa. Nawa ita ce hotunan su kasa zanuwa a kan kari, ko saƙo ya makara a hanya. Ƙifce-ƙifce kuwa shi ne hoton ya yanke ko hasken ya sauya. Allon kansa shi ne na ƙarshe a wannan jerin gwano, yana kuma cikin mafiya tsada a abubuwan da akan canza, don haka bai kamata a fara tuhumarsa ba.

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: yaushe abin yake farawa? In yana zuwa ne sa'ad da wuta ta yi ƙasa ko aka tayar da janareta, a dubi lantarki. In sai an yi minti goma ko sha biyar ana wasa lafiya sa'an nan ya fara, a dubi zafi. In tun buɗe wasan yake farawa, kuma a cikin burauza kaɗai, a dubi manhaja. In da yamma ne kawai, a dubi intanet. In kuwa sai an motsa murfi, to waya ce. Mai karatu ya sami takarda ya rubuta abin da ya lura da shi na kwana biyu ko uku, wannan takarda za ta cece shi daga asara.

Wutar lantarki

A garuruwa irin Mararaban Rido, nan ya kamata a fara. Wutar gida a Nijeriya ƙa'idarta bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda takan zo rabi, ƙwai ya yi ja, fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci, musamman inda gidaje suka yi wa taransifoma ɗaya yawa. In aka duba jikin cajar laftof ta ainihi za a ga an rubuta 100 zuwa 240, watau tana iya jure wuta mai rauni ƙwarai. Amma in wutar ta faɗi ƙasa da haka, ko tana yankewa tana dawowa, sai cajar ta riƙa ɗaukewa tana kamawa.

Ga abin da ke biyo baya. An tsara laftof ta yadda in tana kan wuta ta saki ƙarfinta duka, in ta koma kan batir ta yi tsimi: ta rage hasken allo, ta rage gudun furosesa, wasu sababbi ma har su rage yawan sabunta hoto, allon ya yi baƙi na ɗan lokaci kafin ya dawo. In caja tana ɗaukewa sau goma cikin minti ɗaya, to sau goma na'urar za ta yi wannan sauyi. Mai kallo sai ya ga allo na ƙiftawa, wasa na tsaitsayawa, alhali kuwa na'urar umurnin da aka ba ta take bi.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A cika batir, a zare caja, a yi wasan. In ƙifce-ƙifcen ya tsaya, an kama ɓarawo. Sai a mayar da cajar a zuba wa alamar batir da ke ƙasan allo ido, ko 'yar fitilar caji da ke gefen na'urar, a ga ko tana ɗaukewa. Sa'an nan a bi hanyar wutar ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa laifin ba na kamfanin lantarki ba ne: soket ne ya saki, ko wayar ƙari ta araha da aka jojjona wa abu biyar, ko wayar cajar ta karye ta ciki a daidai wuyanta, ko kuwa ramin cajin ya yi sako-sako saboda yawan fizga.

Ƙaramin janareta ma yana da nasa hali. In firiji ya tashi ko aka jona dutsen guga, wutarsa takan nutse na ɗan lokaci, haka kuma in mai ya kusa ƙarewa. Kada a bar laftof a jone sa'ad da ake tayar da shi ko kashe shi. Inbata ta araha, irin wadda ake haɗawa da batirin sola, ita ma takan sa caja ta yi zafi tana ƙugi.

Sai batun caja kanta, wanda a ganinmu shi ne babban abin da jama'a ke sakaci da shi. Kowace laftof tana da ƙarfin da take bukata, wata wat 45, wata 65, wata 90 ko fiye, an kuma rubuta a jikin caja da ƙarƙashin na'ura ko takardarta. In ta ainihi ta lalace, mutum yakan sayi duk wadda bakinta ya shiga, ya ce ai ta yi. Ba ta yi ba. Caja mai ƙaramin ƙarfi za ta ɗauki aikin rubutu, amma da an buɗe wasa sai ta gaza. Wasu laftof na Dell da HP har tantance caja suke yi ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakinta, in ba su gane ta ba sai su rage gudun kansu da gangan, wani lokaci su ƙi yin caji. Wata alamar jabun caja ita ce, da an jona ta sai kibiyar allo ta riƙa tsalle-tsalle ita kaɗai. Araha ba ta ado, a nan kuwa har na'ura takan kashe.

Akwai kuma akasin wannan. Wani zai ga lafiya lau a kan wuta, amma a kan batir hasken yana hawa yana sauka duk sa'ad da hoto ya sauya daga duhu zuwa haske. Wannan ba ciwo ba ne, dabarar tsimin batir ce da kamfanonin Intel da AMD suka sa, ana kuma iya kashe ta a cikin manhajarsu ta daidaita allo. Wasu allunan ma in aka rage haskensu ƙwarai sukan yi wata 'yar rawa da mai kaifin ido ke gani, da an ƙara haske sai ta ɓace.

Da damina ta kama, in hadari ya taso da tsawa, a zare caja daga bango gaba ɗaya. Mutanen kudancin Kaduna ba sa bukatar a gaya musu yadda ruwan farko ke zuwa.

Zafi da ƙura

Furosesa da sashen zane suna yin zafi gwargwadon aikin da suke yi. Akwai 'yar fanka a ciki wadda ke jawo iska ta ƙasa, ta hura ta cikin wasu siraran haƙoran ƙarfe kamar na lagireton mota, ta fitar da zafin ta gefe ko ta baya. In zafi ya doshi digiri 90 zuwa 100, sai furosesa ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. In hakan bai isa ba, na'urar ta mutu ɗif ba sallama. Shi ya sa wannan irin nawa ba ta zuwa da farko. Wasa zai tafi sumul, can sai a ji fanka ta ɗaga murya, ƙasan na'ura ya yi zafi har cinya ta gaza ɗauka, hoto ya fara ja.

Waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori ba su yi lissafin hunturunmu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari, fanka na zuƙarta kullum, tana taruwa a bakin haƙoran nan har ta zama kamar auduga ta toshe hanya. Sa'an nan bazara ta shigo a Maris da Afrilu, ɗaki mai rufin kwano ya zama tanda. Ƙurar hunturu ke ɗana tarko, zafin bazara ya kama. Wanda shagonsa ke bakin titin Kachia, ko gidansa ke kan layin da ba kwalta, nasa ya ninka.

Mu ma muna ƙara wa Barno dawaki. Laftof a kan katifa, a kan filo, a kan darduma, duk ramukan iskar a toshe. A ɗora ta a kan tebur ko katako ko faranti mai faɗi, a ɗan ɗaga bayanta da wani abu don iska ta ratsa. Wannan kaɗai yana warkar da na'urori da dama. In an gama aiki a sa ta cikin jaka, kada a bar ta a buɗe tana shan ƙura. Kada kuma a kuskura a sa ta cikin firiji ko a ɗora mata ƙanƙara, kamar yadda wasu ke yi wa waya, domin raɓa za ta taru a ciki ta haɗa wuta.

Sau ɗaya a shekara, da ƙarewar hunturu, ya kyautu a kai wa ƙwararre ya buɗe ya share fanka da haƙoran, ya kuma sabunta man nan mai kauri da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi, domin yana bushewa da tsufa. Laftof ta hannu wadda ta shekara bakwai ko takwas, mai yiwuwa ba a taɓa sabunta nata ba tun daga masana'anta. Kuɗin wannan aiki bai kama ƙafar kuɗin allo ba.

Abin lura: in aka ga wurin da ake shafawa da yatsa ya ɗago, ko ƙasan na'ura ya kumbura, ko murfi ya daina rufuwa daidai, to batir ne ya kumbura. A daina amfani da ita nan take. Kada a danna shi, kada a huda shi, kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, domin yana iya kamawa da gobara.

Burauza da direba

In wuta da zafi sun fita daga zargi, sai a juya ga manhaja. Kamfanin Microsoft ya ba da wani gwaji mai sauƙi. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani akwati mai suna Task Manager zai fito. In allo duka na ƙiftawa har da wannan akwati, an fi zaton direban zane ne. In kome na ƙiftawa amma shi yana tsaye cik, to wata manhaja ce ke rigima. A cikin wannan akwati kuma za a ga abin da ke cinye ƙarfin na'ura. Sau da yawa za a tarar Windows ce ke saukar da sabuntawa a ɓoye, tana shan data tana shan ƙarfi.

In allo ya rikice ana cikin wasa, danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare yana farfaɗo da direban ba tare da an kashe na'ura ba. Amma maganin dindindin shi ne a sabunta shi daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ko na Intel ko AMD ko Nvidia. In kuwa ciwon ya fara ne bayan wata sabuntawa, a shiga Device Manager a mayar da direban jiya. A guji manhajojin da ke tallan cewa za su sabunta direbobi duka kyauta, garin neman gira akan rasa ido.

A cikin Chrome, ƙarƙashin Settings, a sashen System, akwai wani makunni da ke ba burauza izinin miƙa aikin zane ga girafik. Masu ba da shawara sukan ce a kashe shi, lalle kuma sau da yawa ƙifce-ƙifce yakan tsaya. Sai dai a sani, an sauke kaya ne daga kan jaki an ɗora wa mai jakin: furosesa za ta ɗauki aikin biyu, wasa ya ƙara nawa, wasu wasannin ma su ƙi buɗewa sam. A ɗauke shi a matsayin gwaji. In kashe shi ya tsayar da ƙiftawa, an tabbatar direba ne mai laifi, sai a gyara direban a mayar da makunnin. In za a gwada wata burauza, a gwada Firefox, domin Edge da Opera injinsu ɗaya da Chrome, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sai ram, watau ma'ajiyar da na'ura ke baza aikin da take yi a yanzu. Kamar teburin tela take: in ƙarami ne, kowane lokaci sai ya tashi ya ajiye wannan yadi ya ɗauko wancan. Laftof mai ram gigabait 4, an buɗe shafi goma sha biyar, ga bidiyo, ga wasa, dole ta yi nawa. A rufe shafuffukan da ba a bukata, a cire ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauza, a rage girman hoto da ƙawarsa a cikin wasan. Mai hali ya ƙara ram zuwa 8 in na'urarsa na karɓa, ya kuma musanya tsohon faifan ajiya mai juyawa da irin wanda ake kira SSD.

Akwai tsufan da ba ya gyaruwa. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Chrome ta daina sabunta kanta a kanta a farkon 2023, Windows 10 ma an rufe tallafinta na kowa da kowa a ranar 14 ga Oktoba 2025. Na'urar da ta tsaya a can baya, sababbin wasanni za su riƙa fin ƙarfinta. Haka kuma manhajar Flash, wadda tsofaffin wasannin intanet suka dogara da ita, kamfanin Adobe ya binne ta a ƙarshen 2020. Duk shafin da ya ce wa yaro sai ya saukar da Flash kafin ya yi wasa, tarko ne. A gargaɗi yara a kan wannan ƙwarai, domin ta nan ɓarayin bayanai ke shiga na'urar da ake buɗe asusun banki da ita.

Intanet

Intanet ba ta sa allo ƙiftawa, amma tana kawo nawa, kuma nawarta tana da kama ta dabam. Hoto na tafiya sumul, kibiya na bin hannu, amma abokan wasa suna daskarewa sa'an nan su yi tsalle su bayyana a wani wuri, ko a danna a jira. Dalili shi ne, yawancin kwamfutocin da ke riƙe da waɗannan wasanni a ƙasashen waje suke. Saƙo zai tashi daga Rido zuwa hasumiyar sadarwa, ya gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, sa'an nan ya komo. Ko hanya lafiya lau take, wannan zuwa da dawowa kan ci kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko fiye. Jama'a sun ɗanɗana muhimmancin waɗannan wayoyi a ranar 14 ga Maris 2024, sa'ad da huɗu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da harkar banki suka yi tsaiko a ƙasashe da dama.

Da almuru, in kowa ya komo gida ya ɗauki waya, hasumiya ɗaya ke ɗauke da unguwa duka, sai hanya ta cushe. A gwada wasan da sassafe a kwatanta. A ajiye wayar da ake jawo intanet da ita kusa da taga, a haɗa ta da laftof ta waya maimakon ta iska, a kuma rage yawan masu jawowa daga gare ta. In wasan ya ba da zaɓin yanki, a zaɓi mafi kusa. Wanda ya kai kuka ga kamfanin layinsa bai sami biyan bukata ba, yana iya kiran Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a lamba 622 kyauta.

In ya tabbata allon ne

A buɗe murfi a hankali, a rufe a hankali, ana kallo. In akwai wani kusurwa da hoto ke yankewa, ko layuka su fito, ko launi ya juye, to siririyar wayar nan ce ta gaji da lanƙwasa ko bakinta ya saki. Ɗaukar laftof ta murfi da buɗe ta ta gefe ɗaya su ke jawo haka. Waya ce za a gyara ko a canza, ba allo ba.

Gwaji na ƙarshe shi ne a haɗa laftof da telebijin ta wayar HDMI a yi wasan. In telebijin ya nuna hoto tsaf alhali allon laftof na rawa, ciwon yana ga allo ko wayarsa. In su biyun suna rawa tare, allon ba shi da laifi ko kaɗan, sai a koma ga direba ko sashen zane. Haka kuma in ƙiftawar tana nan tun sa'ad da aka kunna na'ura, sunan kamfani na fitowa kafin Windows ta tashi, to ba manhaja ba ce, aikin mai gyara ne.

In za a je wurinsa, a tafi da cajar da ake amfani da ita da takardar nan da aka rubuta, a kwafe muhimman takardu a wani wuri tukuna. Masu gyara na kirki suna da yawa, kuma mai kirki ba zai ƙi ya gwada wani allo a gaban mai kaya kafin a yi ciniki ba. A nemi rasit mai ɗauke da sunan abin da aka canza da kwanakin garanti, a kuma karɓi tsohon da aka cire. Wanda aka zalunta yana da damar kai ƙara ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, amma ba rasit, ƙara ba ta da ƙafa.

Mai shirin sayen laftof ta hannu, a Kaduna ne ko Kano ko Ikeja, ya yi waɗannan gwaje-gwaje tun a shago. Ya buɗe wasa ko bidiyo mai nauyi ya bar shi minti ashirin, ya saurari fanka, ya taɓa ƙasan na'urar, ya motsa murfi, ya zare caja ya mayar, ya kuma duba ko ƙarfin da aka rubuta a jikin cajar ya yi daidai da wanda na'urar ke bukata. In mai shago ya ƙi yarda a yi haka, a gwada shago na gaba.